Mabiyiya ta kama tabon aiki, ina neman shawara

Assalamu alaikum Hajiya Likita. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ba na barin shirinki na lafiyar iyali ya wuce ni.

Daga Tawa nake rubuto miki. Shekaruna 36, cikina wata bakwai. Haihuwata biyu duk aiki aka yi mini, a tsakaninsu kuma na yi ɓari aka yi mini wankin ciki. Da aka yi mini eko, wato hoton ciki, wajen awo, likita ya ce mabiyiya ta sauko ta rufe bakin mahaifa, ta kuma zauna daidai kan tabon aikin ta kama shi. Ya kira abin plasenta akreta.

Sai ya juya bayan karnena, wato katin awo, ya zana mini da biro. Ya ce idan ciki ya shiga, fatar cikin mahaifa takan yi kauri ta zama shimfiɗa. A kanta mabiyiya ke kafa jijiyoyinta, ita ce kuma ke taka musu birki kada su zarce, shi ya sa bayan haihuwa mabiyiya ke saɓulewa ta faɗo da kanta. To inda wuƙa ta bi, ko inda aka kankare, shimfiɗar ba ta tsirowa da kyau, sai jijiyoyin su kama naman mahaifa kai tsaye, kamar saiwar da ta samu tsagar bango. Wata ta manne kawai, wata ta nutse cikin naman, wata ta huda har ta taɓa mafitsara. Ya ce mace mai aiki biyu wadda mabiyiyarta ta rufe hanya, kusan 40 cikin 100 abin kan same su, kuma wuce shekara 35 na ƙara haɗarin.

Ya ce in tafi Yamai, matarnite Issaka Gazobi, babban asibitin haihuwa, a ciro ɗan wajen sati 34 zuwa 36 da jini a tanade, kuma mai yiwuwa a cire mahaifar, don idan aka ja mabiyiyar da ƙarfi jini ba ya tsayawa.

A gida kuwa magana ta sha bamban. Surukata ta ce hannu aka sa mini, har ta aiko da rubutu a gora. Na sha, ban ƙi ba, amma ni zanen nan ya fi shiga kaina. Maigida da ya ji batun cire mahaifa sai ya yi shiru, yanzu cewa yake mu jira naƙuda mu ga ikon Allah.

Hajiya, akwai abin da zan ci ko in bari da zai hana jijiyoyin ci gaba da nutsewa? Ana iya ceto mahaifa a irin wannan hali? Wane irin jini ko ciwo zan gani in san ba na jira ba ne? Don Allah ki yi bayanin a shirin dare, lokacin maigida na gida, ya ji da kunnensa.

Taki mai saurare,
daga Tawa