Kafin a zaɓi manhajar tattara labarai a waya

Edita, assalamu alaikum.

Da yawa daga masu karatu Facebook ne ke zaɓa musu labarin da za su gani. Manhajar RSS (wato hanyar da shafukan intanet ke aika sababbin labaransu kai tsaye) kuwa tana kawo maka duk abin da jaridun da ka zaɓa suka wallafa, bi da bi.

Cikin irin waɗannan manhajoji, Feedly na ba da damar bin kafar labarai 100 kyauta, Inoreader 150. Dukkansu sai da rajista, amma abin da ka karanta a waya zai nuna an karanta shi a kwamfuta. Mai Android ɗaya tak, Feeder ta fi masa, a ganina: ba rajista, ba talla, kuma tana ajiye rubutu a karanta ko babu data. Mai iPhone ya nemi NetNewsWire.

Lallai a duba ko manhaja tana fitar da fayil ɗin OPML, wato jerin kafofinka. Lokacin da aka rufe Google Reader, manhajar RSS ta Google, a 2013, da wannan fayil mutane suka yi ƙaura zuwa wasu manhajoji. Don saka shafi a cikin manhaja kuwa, a yawancin shafukan da aka gina da WordPress (tsarin gina shafukan intanet), ƙara /feed a ƙarshen adireshin ya isa.

Idan labarai suka daina shigowa, sau da yawa tsarin tattalin batir ne ya tsayar da manhajar. A cire mata wannan takunkumi a saitin waya. A kuma hana ta sauke hotuna sai an samu Wi-Fi, domin su ke cinye data.

Roƙona ga jaridunmu na Hausa shi ne su riƙa sakin cikakken labari ta RSS, domin wasu kanun labari da layi biyu kawai suke bayarwa.

Mai karatunku daga Zariya