Ummi, Tambayi Asalin Gishirin

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, sanyin Zariya kuma bai takura miki ba. Mamanki ta ce kin yi waya kina kuka da kemistiri, wai an jero muku gishiri iri-iri a ce ku faɗi wanda ruwansa zai zama asid, da wanda zai zama alkali (ba na kotu ba), da wanda zai tsaya tsaka-tsaki. Ta ce kin duƙufa hadda. Ki ajiye haddar nan, don jerin ba ya ƙarewa.

Idan aka zo neman aure, me dattawa ke fara tambaya? Asali. To, kowane gishiri ɗa ne, asid da alkali suka haife shi. Ki tambayi iyayen, ki ga wa ke da ƙarfi. Gishirin miya, NaCl, daga asid HCl da alkali NaOH ya fito, duka biyun ƙarfafa ne, shi ya sa ruwansa ke tsayawa a pH 7, wato tsakiyar ma'aunin asid da alkali. NH4Cl kuwa asid ɗinsa mai ƙarfi ne, alkalinsa amoniya raunanna, sai ruwan ya karkata wajen asid, pH ɗinsa ya sauko wajen 5. Sodiyam asitet akasin haka ne, yana haurawa kusa da 9. Ɗan yana bin gidan mai ƙarfi.

Amma kada ki tsaya nan, don malami zai ce me ya sa. Abin mamakin shi ne, ba ɓangaren mai ƙarfin ke yin aikin ba. Gishiri a ruwa yakan rabu zuwa ayon, wato ƙwayoyi masu caji, amma na gishirin miya, Na+ da Cl-, zaman 'yan kallo suke yi, ba ruwansu da kowa. Ayon ɗin da ya fito daga raunannen gida shi ne mai tsokana. Kabonet yakan fizgi H+ daga jikin ruwa ya bar OH- a warwatse, ruwa ya zama alkali. Amoniyam kuma shi sakin H+ yake yi. In kin riƙe wannan, kin gama da rabin babin.

Kin ma san abin tun kina ƙarama, suna ne kawai ba ki sa masa ba. Kanwar da Mamanki ke jefawa a wake, sodiyam kabonet ce da baikabonet, shi ya sa take kashe tsamin yakuwa. Ruwan toka ma danginta ne, sai dai shi fotasiyam ke ciki. Ki jiƙa zoɓo ki raba kofi uku. Na farko ki sa gishiri, ba abin da zai sauya. Na biyu ki matsa lemon tsami, ja zai ƙara haske. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa, ki ga yadda zai rine ya yi duhu. Ni wannan ya fi mini takardar litmos daɗin kallo.

Akwai masu yaudara, su nake so ki kiyaye. A shekarun da na yi a gidan ruwa, da damina in Kogin Kaduna ya zo ja wur da laka, alif muke zubawa ya kwantar da ita. Alif gishiri ne, amma yana saukar da pH, har sai mun bi shi da laim, wato farar ƙasa. Dalili, Al3+, ayon ɗin alminiyam da ke cikin alif, ƙarami ne mai caji uku, yakan tara ƙwayoyin ruwa shida a jikinsa, ya matsa musu har su saki H+. FeCl3 ma halinsa ke nan. Sai NaHSO4: kina ganin sodiyam kada ki yi saurin cewa tsaka-tsaki, akwai sauran H a jikinsa, ruwansa asid ne sosai.

In iyayen duka raunana ne, sai ki gwada Ka da Kb, wato lambobin da ke nuna ƙarfin asid ɗin da na alkalin, wanda ya fi girma shi ya ci. A amoniyam asitet kunnen doki suka yi, kowanne kusan 1.8 x 10^-5, ruwan ya tsaya dab da 7.

Takin amoniyam salfet da Kawunki ke zuba wa masara kowace shekara a hanyar Kachia, ki lissafa da kanki ki gaya mini abin da yake yi wa ƙasar. Ina jiran amsa ran Juma'a in kin kira. Mamanki ta ba direba ƙullin kanwa da zoɓo tare da garin kununki, ki tura a karɓa a tasha.

Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Babanki