Ƙofar baya a manyan jami'o'in Amurka

Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan yadda jami'o'i irin su Harvard da Yale ke ɗaukar ɗalibai.

A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fatar mai neman gurbi. Masu murna suka ce daga yanzu sai cancanta. Wace cancanta? Kotun ba ta taɓa gatan da ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ba, balle na 'ya'yan masu zuba wa jami'a kuɗi. Alƙaluman da suka fito a shari'ar da ta kai ga wannan hukunci, wadda aka yi da Harvard, sun nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗaliban da suka nema sun samu shiga, alhali sauran masu nema kusan 6 ne cikin 100.

Ka tuna badaƙalar sayen gurbin jami'a ta 2019? 'Yar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a bayan ta miƙa takarda. Ɗaurin kwana 14 aka yanke wa uwar. Wasu iyayen kuwa hoto suka ɗauki 'ya'yansu a kan injin atisayen tuƙa kwale-kwale, aka gabatar da su a matsayin 'yan wasa don su samu gurbi, alhali ba su taɓa shiga gasa ba. Uban tafiyar, Rick Singer, da bakinsa ya kira dabararsa ƙofar gefe. A lissafinsa, ƙofar gaba ta mai ƙoƙari ce, ta baya kuma ta wanda zai ba jami'a gudummawar miliyoyi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a kan ta gefen aka ɗaure mutane. Ta bayan tana nan wangwame, a mafi yawan jihohin Amurka doka ba ta ce mata uffan ba.

Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa na 2023 ya gano cewa ko da maki ya zo ɗaya, damar ɗan gidan manyan attajirai ta shiga waɗannan jami'o'i ta ninka ta ɗan mai matsakaicin samu.

Kada a ce ba yadda za a yi. Jami'ar Johns Hopkins ta daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta tun 2014, jami'ar MIT ma ba ta fifita su, kuma ba mu ji martabarsu ta zube ba. Harvard mai asusun sama da dala biliyan 50, me take jira?

Na gode.
Daga wani mai bibiyar shafinku