Godiya ga Garejin da Ya Dawo wa Babur Ɗinmu da Ƙarfinsa

Zuwa ga Oga da yaransa na garejin gyaran babura da ke Panteka, Kaduna.

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin masu irin babur ɗinmu su san inda za su nufa.

Yamaha YZ85 ne na saya wa ƙanena, ɗan ƙaramin babur na tsere mai cc 85, irin wanda ake haɗa masa fetur da man inji. Bayan hunturu sai ƙarfinsa ya soma raguwa. Yana tashi, amma da an murɗa totur sosai sai ya riƙa shaƙewa, ko ɗan tudu ya gagare shi. Wurare biyu muka kai shi, kowa ya ce kafireta ce. Muka sayi sabuwa, kuɗi suka tafi, ciwo na nan.

Oga, abin da ya fara burge ni shi ne ba ka ce in sayo komai ba. Ka kwance fulogi ka duba launinsa, ka tabbatar mai na sauka daga tanki yadda ya kamata, ka busa jet, wato 'yar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, sannan ka ɗaura ma'auni ka sa yaronka ya buga kik. Matsin silinda ya yi ƙasa. Da ka zaro soson da ke tace iska, ga shi a bushe ƙamas, ƙura ta ratsa shi. Wallahi ban san ana shafa masa mai na musamman ba. Ƙurar da ta shige ita ta cinye ringin fistin, ga kuma ɗaya daga cikin 'yan faifan da ke buɗe wa mai hanyar shiga inji ya tsage a baki. Ka ɗaga shi a rana har na ga haske yana wucewa.

Ringi, gasket da faifan kawai aka canza. Ka kuma zaunar da ƙanena ka koya masa awo: 30 da 1, wato mililita 100 na mai a lita 3 ta fetur, a kuma wanke soso a shafa masa mai bayan kowace fita cikin ƙura. Tsohuwar kafiretarmu ma ka ce lafiyarta ƙalau, mu adana ta.

Ranar Asabar ƙanena ya hau tudun nan a giya ta uku, ya dawo yana murna.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaranka albarka.

Naku mai godiya,
Wani abokin hulɗarku daga Rigasa