Wasiƙa kan tsara darasin intanet

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Na ga saƙonka game da darussan bidiyon da za ka fara ɗorawa a intanet, kana tambayar yadda za ka tsara su.

Abin da zan fara hana ka shi ne karanta wa ɗalibi rubutun da ke gabansa. Ido ya fi baki sauri. Kana layi na biyu shi ya kai na biyar, muryarka tana jan sa baya, sai ya rasa wanda zai bi. Richard Mayer, masanin yadda ake koyo a Jami'ar Kalifoniya, ya daɗe yana gwada wannan, ya nuna cewa zane da bayanin baki sun fi shiga kai in ba a maimaita bayanin a rubuce ba. Saboda haka kowane shafi ka sa zane ɗaya, da 'yan kalmomi manne da sashen da suke nufi, kada ka jera su can ƙasa ido ya yi ta hawa da sauka.

Sai tsawo. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a edX, dandalin darussan jami'a na intanet, suka ga yawanci daga minti 6 ɗalibai ke janye jiki. Sun kuma ga an fi tsayawa in malami na rubutu da hannu yana magana, irin na Khan Academy, wani dandalin koyarwa na intanet, domin ido na bin bakin alƙalami, lissafin na fitowa layi bayan layi. Amma fa kallo suka auna, ba fahimta ba. Shi ya sa in ka yanka laccar awa guda gunduwa-gunduwa, ka sa tambaya ɗaya ko biyu bayan kowace, ɗalibi ya amsa kafin ya wuce.

Fuskarka ta fito a farko, in an shiga zane ka ɗauke ta.

Kada ka raina sauti, Malam. Ana haƙuri da hoto dishi-dishi, amma muryar da ke amsa kuwwa korar mutum take yi. Makirufo ya tsaya kamar santimita 15 daga bakinka, ka kashe fanka. Kafin ka ɗora, kalli bidiyon a waya. Duk rubutun da sai ka matse ido ka karanta, ƙara masa girma.

Turo min na farkon in gani. A gaida mutan gida.

Naka,
amininka.