Makullin wasannin bidiyo na cutar masu saye

Ya Edita,

Rufe wasan tseren mota na The Crew da kamfanin Ubisoft ya yi a watan Maris na 2024, har waɗanda suka saye shi suka kasa buga shi, ya nuna cewa makullin hana kwafi mai saye yake kamawa, ba ɓarawo ba.

Wani misalin irin wannan makulli shi ne manhajar Denuvo da ake sanyawa a wasu wasannin, wadda take neman intanet don tantance kwamfuta. Aka canja wani babban sashen na'urar ko aka sabunta Windows, sai ta sake nema. Idan tantancewar ta wuce sau 5 cikin awa 24, sai ta kulle wasan na ɗan lokaci. A Maradi, inda wuta da intanet ke yawan yankewa, mai gidan wasa yana zaune da kayan halal, yara suna jira.

Ya kamata hukuma ta tilasta wa 'yan kasuwa su bayyana wannan sharaɗi kafin karɓar kuɗi.

Naku,
Wani mai karatu, Maradi