Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata na Shekarar 2024: Aikin Almajiranci a Rukunonin Gida

Iyayena da 'yan'uwana a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ina gaida Baba Fasto da Mama, da dattawan ikilisiya, da shugabarmu da dukan 'yan kwamiti. Lissafin baiko da kuɗin wata yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi bayan na zauna. Nawa shi ne in faɗa muku inda aka kwana a kan aikin da muka ɗaura wa kanmu a taron farkon shekara, wato kowace yarinya da kowace amarya da kowace sabuwar tuba a cikinmu ta samu uwa guda da za ta riƙe hannunta a cikin bangaskiya.

Kuna tune da abin da ya kai mu ga wannan shawara. Ranar zumunta majami'a takan cika, a sha anko, a buga tulu, waƙa ta yi daɗi har a ji mu daga bakin titi. Amma da aka tashi, sai kowa ta kama gabanta. Akwai wadda ta yi shekara biyu tana zama a bencin baya, ba wadda ta san mijinta ya daina shiga gida. Sai muka koma ga Titus sura 2, inda Bulus ya ɗora wa tsofaffin mata nauyin koya wa ƙanana, da 2 Timoti 2:2, inda ya ce abin da aka karɓa a danƙa shi ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa wasu. Muka raba kanmu unguwa unguwa, mutum biyar zuwa bakwai a rukuni, ana haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga ciki sau ɗaya a mako. A cikin rukunin kuma aka haɗa mata bibbiyu, babba da ƙarama.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Filato. Iyayenmu da suka ga zamanin da shirin wa'azin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya fara a farkon shekarun 1960 sun gaya mana cewa ƙarfinsa a ƙananan rukunonin addu'a na gida gida yake, kafin a fita wa'azi. Abin da muka yi bana tono ne kawai na tsohuwar rijiya.

Bari in daɗe kaɗan a kan abu guda da na gani da idona, domin shi ya fi koya mini yadda aikin yake. A rukunin bayan kasuwa an haɗa wata uwarmu da ta haura saba'in da wata yarinya da ta gama sakandare. Mama ba ta iya karatu ba. Da aka kira sunanta sai ta ce a nemi wata, ita me za ta koya wa 'yar boko. Muka lallashe ta. Ran nan na biya gidan da la'asar, na tarar da su a kan tabarma, faifan gyaɗa a tsakaninsu. Yarinyar tana karanta littafin Rut daga waya, Mama tana ɓare gyaɗa tana sauraro. Da aka zo inda Na'omi ta ce kada a ƙara kiranta da sunanta, a ce da ita Mara, sai Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan, 'yata." Ta ajiye faifan, ta ba ta labarin shekarar da ta binne mijinta da ɗanta na fari a damina ɗaya, da yadda ta yi watanni bakinta ba ya iya furta addu'a, da matar da take zuwa ta zauna kusa da ita ta yi addu'ar a madadinta. Yarinyar nan uwarta ta rasu bara, kuma ba ta taɓa yin maganar da kowa ba. A ranar ta yi. Yanzu ita ke raka Mama asibiti, ita ce kuma ta fara koya mata haruffa, domin Mama ta ce tana so ta karanta Zabura 23 da idonta kafin Ubangiji ya kira ta.

Daga nan ne ajin karatu ya samo asali, ba ya cikin tsarinmu na farko. Ana yinsa ranar Asabar da safe a ɗakin Makarantar Lahadi. Wani ɗan ruɗani ya taso, domin tsofaffinmu kunnensu ya saba da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, inda ake cewa Yohanna, a fassarar da ta biyo baya kuwa Yahaya aka rubuta. An yi ta buɗe shafi ana neman littafin da ke gaban ido. Shugabannin rukuni sun zauna da Baba Fasto ya warware musu, yanzu kowace takan faɗi fassarar da ke hannunta kafin ta fara.

Shekarar ta buɗe mana da hawaye. Bayan hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a yankunan Bokkos da Barikin Ladi, 'yan'uwa sun shigo garin nan, yawancinsu mata da yara, suka rarrabu a gidajen dangi. Mun tara hatsi da tufafi da sabulu, kuma na gode wa kowace da ta ba da hannu. Sai dai kayan agaji ya ƙare cikin makonni. Abin da ya tsaya shi ne rukunonin da suka shimfiɗa musu tabarma. Mun koyi kada a matsa wa mai makoki ta yi shaida, kada kuma a yi gaggawar jefa mata aya. Akwai wadda ta yi wata uku tana zuwa ba ta ce uffan ba, uwar da aka haɗa ta da ita kuwa ba ta gaji ba, takan je su yi wanki tare. Wasu sun koma gida da faɗuwar damina, wasu suna nan tare da mu, biyu daga cikinsu ma suna ajin baftisma.

Yanzu ga inda muka yi tuntuɓe, kuma ba zan rufe ba. Wani rukuni ya watse a tsakiyar shekara saboda wata 'yar'uwa ta buɗe cikinta a kan matsalar aurenta, kafin Lahadi maganar ta kai bakin famfo. An ce wai don a taya ta addu'a aka faɗa. 'Yan'uwana, wannan gulma ce da aka ɗaura wa ɗankwalin zumunta. 'Yar'uwar ta daina zuwa sujada har wata biyu, sai da shugabarmu da Mama matar Fasto suka yi sawu uku a gidanta. Wadda ta yi laifin ta je ta roƙi gafara, an yafe, amma rukunin bai koma yadda yake ba. Kwamiti ya yanke cewa abin da aka faɗa a tabarma a tabarma zai tsaya. In magana ta shafi rai, ko duka, ko cin zarafin yaro, uwar rukuni za ta gaya wa mai maganar cewa dole a kai gaba, sannan su tafi wurin Fasto tare.

Na biyu shi ne adashe. Ba haramun ba ne, ya kuma taimaki da yawa cikinmu. Amma a rukuni biyu ya cinye lokacin Maganar Allah, har wadda ba ta da kuɗin zubi takan ji kunyar zuwa. Mun raba su: adashe da ranarsa dabam.

Akwai kuma laifin da ni kaina nake ciki. Wasunmu mun mai da zaman gida ƙaramar sujada, uwa ta yi wa'azi minti arba'in, yara su ce amin su tashi. Biriskilla da Akila da suka ji Afolos yana da saura, jan shi gefe suka yi suka ƙara fahimtar da shi, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 18. Wannan zama na kusa, inda ƙarama za ta iya yin tambaya ba tare da tsoro ba, shi muke nema.

Damina ta rage mu sosai, musamman lokacin haƙar dankali da yankan acca. Rukunin da ya bi mambobinsa gona, aka yi gayya aka yi addu'a a gindin bishiya, shi ne bai yanke ba. Kuɗin mota kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, ya hana mu kai ziyarar da muka shirya ga ƙananan majami'un ƙauye. Sau ɗaya kawai muka je.

Ga abin da kwamiti yake kawowa gabanku don shekara mai zuwa. Waɗanda aka riƙe bana, duk wadda uwarta ta shaida ta kafu, za a ba ta yarinya guda daga cikin 'yan mata matasa, uwar kuma tana tsaye a bayanta. Muna roƙon dattawa su ba mu Asabar ɗaya kowane wata uku don horar da iyayen rukuni. Muna bukatar Littafi Mai Tsarki mai manyan haruffa don ajin karatu, da wadda za ta karɓi ajin, domin malamarmu za ta koma makaranta a watan Janairu. Rukunin da ya watse kuma har yanzu ba shi da uwa. Duk wadda Ubangiji ya sa wa nauyin wannan a zuciya, ta same ni ko shugaba bayan an tashi, rajista tana kan tebur a bakin ƙofa.

Taku a cikin hidimar Ubangiji,
Magatakardar Zumunta